Tsadar Gyaran Kujerun Fata Da Na Mota A Maraɗi: Daga Ina Kuɗin Yake Tasowa?

Tun da aka sake buɗe iyakar Nijar da Najeriya a watan Maris na 2024, a daidai lokacin da naira ta yi mummunar faɗuwa a gaban sefa, jama'a da dama a Maraɗi sun sa ran cewa duk kayan da ake ɗaukowa daga Kano ko Katsina za su yi araha, har da kayan gyaran kujeru. Amma wanda ya kai kujerun falonsa ko na motarsa wurin masu gyara yakan dawo da ruɗani iri biyu. Na farko, kuɗin da ake faɗa masa bai yi sauƙin da ya zata ba. Na biyu, a kan kujera guda ɗaya, wannan mai gyara ya yanka masa farashi, na gaba da shi kuma ya faɗi ninki biyu ko uku na wancan, kowannensu yana rantsuwa cewa gaskiya ya faɗa. Ga kuma tambayar da ba ta ƙarewa a bakin mutane: ta yaya garin da duniya ta san shi da fatar jar akuya zai zama wurin da rufe kujera da fata ya fi ƙarfin mai matsakaicin hali?

Mafi yawan wannan ruɗani yana faruwa ne saboda ana gwada farashin ayyukan da ba iri ɗaya ba, da kayan da sunansu kawai ya zo ɗaya.

Fata, leda, da abin da ke tsakaninsu

Abin da ake kira kujerar fata a kasuwa ya kasu aƙalla gida huɗu, kuma kowane gida da kuɗinsa da irin lalacewar da yake yi.

Akwai fata ta ainihi, wadda galibi ƙirgin saniya ne da aka jeme a masana'anta da sinadarin kurom, aka fere shi har kaurinsa ya koma kusan milimita 1 ko ɗan sama da haka, sannan aka yi masa rini. Mafi yawan wadda ake sa wa a mota ana ƙara shafe samanta da wani siririn fenti mai kare ta daga datti da zufa. Irin wannan fata idan ta tsufa bushewa take yi, ta yi tsaga-tsaga, launinta ya koɗe a inda jiki ke yawan gogawa, amma ba ta saɓulewa.

Akwai kuma ɓarin ƙasa na ƙirgin. A masana'anta ana tsaga ƙirgi mai kauri gida biyu ta faɗinsa, a sayar da na sama da tsada, na ƙasa kuma a lulluɓe shi da roba a buga masa zanen da zai sa ya yi kama da na sama. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba idan ya ce fata ce, sai dai ƙarfinta bai kai na ta farko ba. A ƙasa da wannan akwai wadda ake haɗawa da niƙaƙƙun ɓarɓashin fata da gam a kan ƙyalle, wadda ita ce ta fi saurin yaudarar mai saye, domin tana iya yin ƙanshin fata alhali ba ta da juriyarta.

Gida na huɗu shi ne leda, wato ƙyallen da aka shafe da roba, kuma shi ne ya mamaye kujerun gidaje da na motocin haya. Ita ma iri biyu ce, gwargwadon robar da aka shafa mata. Ta PVC ta fi tauri da sheƙi, tana jure ruwa da wanki, amma idan ta daɗe a cikin zafi man da ke sa ta laushi yana fita daga jikinta, sai ta ƙage ta fara dardarewa. Ta PU ta fi taushi, ta fi kama da fata a ido da hannu, amma zafi da laima da zufa suna ruɓar da samanta, shi ya sa ake ganin kujera tana zubar da ɓawo yana manne wa tufafin baƙi.

Hanyar bambancewa ba ta da wuya ga wanda ya samu ya ga bayan kayan. Bayan fata ta ainihi gashi-gashi ne mai laushi, bayan leda kuwa saƙa ce ta zare da ake gani ƙarara. Leda tana zuwa ne a naɗe, faɗinta kusan mita 1.4, ana yankawa a sayar da mita ko yadi. Fata kuwa tana zuwa da siffar dabbar da aka feɗe, ana auna faɗinta da murabba'in ƙafa. Duk wanda ya warware wa mutum bandir mai tsawon mita goma ya ce masa fata ce, to ba fata ta ainihi ya nuna masa ba.

Muhimmancin wannan bambanci ga aljihu shi ne, fata ta ainihi tana karɓar gyara: ana wanke ta, a cike tsagar, a sake mata launi, ko a canza ɓangaren da ya yage kaɗai. Ledar da ta fara saɓulewa ba ta da magani. Duk fentin da aka shafa mata zai bi ɓawon ya zube, kuma mafita ɗaya ita ce a tuɓe ta a sa sabuwa.

Garin fata, amma fatar kujera baƙuwa ce

Sunan Maraɗi a harkar fata ba na banza ba ne. Jar akuyar Maraɗi, wadda a ƙetaren iyaka ake danganta ta da Sakkwato, tana da fata mai santsi da ƙarfi wadda Turawa suka daɗe suna saye, kuma a da, da yake ta hannun fataken Sahara take isa gare su, sai suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Darajar wannan akuya ce ta sa aka kafa cibiyar kiwonta a Maraɗi tun a shekarun 1960, kuma garin ya taɓa samun masana'antar jima ta SONITAN kafin ta durƙushe. Har yau majema suna jima da bagaruwa, dukawa suna ɗinka takalma da jakunkuna da titimi da kube.

Matsalar tana wurin girma. Fatar akuya ɗaya ba ta wuce kusan rabin murabba'in mita ba, alhali ƙirgin saniya babba yana kaiwa murabba'in mita 4 zuwa 5. Doguwar kujera mai zaman mutum uku tana cin leda tsakanin mita 12 zuwa 16 gwargwadon girmanta da yawan matasanta, wato wajen murabba'in mita 20. Idan da ƙirgi za a rufe ta, sai an tanadi biyar ko shida, domin gefen ciki da wuya da duk inda yake da tabo ba sa shiga aiki. Idan kuwa da fatar akuya ce, lissafin zai haura fatu arba'in tun kafin a cire abin da za a zubar, kuma kujerar za ta fito da ɗinki ko'ina, kowane ɗinki kuwa wuri ne da zai iya ɓarkewa a ƙarƙashin nauyin mutum.

Sannan jimar bagaruwa, duk da kyanta a jaka da takalmi, tana ba da fata mai ɗan tauri wadda ruwa ke yi wa tabo, rana kuma tana sauya mata launi. Kujerar mota tana buƙatar fatar da za ta miƙe ta koma, ta jure zufa, kuma launinta ya zo ɗaya daga wannan ƙirgi zuwa wancan, abin da sai da injuna da sinadarai ake samunsa. Manyan masana'antun jima mafi kusa da Maraɗi suna Kano, a unguwannin Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma su ma ƙarfinsu ya fi karkata ga fatun awaki da tumaki da ake fitarwa ƙasashen waje.

Shi kansa ƙirgin saniya na yankin yana da masu neman sa da suka riga masu kujera. A Najeriya ana babbake shi a ci a matsayin ganda, kuma mai sayen ganda ba ruwansa da tabon ƙaya, ko cizon kaska, ko tambarin wuta da makiyayi ya yi wa saniya, ko yankan wuƙar mahauci, alhali kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage darajar ƙirgi a wurin majemi. Sakamakon haka, fatar da ta dace da kujera, idan an same ta a Maraɗi, kusan kullum daga waje ta zo, ko dai sabuwa, ko ragowar yanka daga masana'antun ƙetare, ko kuma wadda aka tuɓe daga kujerun motocin da suka mutu. Yawan fatun da ake gani bayan Babbar Sallah bai shafi farashin wannan kaya ba ko kaɗan.

Hanyar da kaya ke bi kafin su iso shago

Leda da soso da gam da zaren roba duk daga sinadaran man fetur ake yin su. Ledar da ke kasuwannin Afirka ta Yamma mafi yawanta daga Sin take zuwa. Soso kuma, ko da kamfanonin Najeriya irin su Vitafoam da Mouka ne suka yi shi, sinadaran da ake haɗa shi da su ana sayo su ne daga waje da dalar Amurka. Wannan shi ne ya warware zancen faɗuwar naira. Gaskiya ne cewa bayan da gwamnatin Najeriya ta saki darajar kuɗinta a watan Yuni na 2023, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma jika ɗaya ta sefa, wato sefa 1,000, ta koma tana canza sama da naira 2,000. Amma ɗan kasuwar Kano da ya sayo leda da dala ya ƙara mata kuɗi a naira daidai da faɗuwar, ga kuma hauhawar farashi da ta wuce kashi 30 cikin 100 a Najeriya a 2024, ga tsadar sufuri bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023. Abin da mai sefa ya samu a wurin ƴan canji, ya mayar da mafi yawansa a wurin mai kaya. Sauƙin da faɗuwar naira ke kawowa ya fi bayyana a kayan da Najeriya ke yi da albarkatunta, kuma kayan kujera ba sa cikinsu.

Ita sefa a ɗaure take da yuro, a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka ba ta tangal-tangal irin na naira. Sai dai tana hawa da sauka tare da yuro a gaban dala, kuma da dala ake yawan biyan kayan Sin.

Sai batun hanya. Maraɗi ta dogara da ƙofofi biyu: ta kudu, ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, da ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda kaya suka saba biyowa ta Gaya da Dosso da Birnin Ƙonni. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ya sake toshe ƙofofin biyu gaba ɗaya, har da katse wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wadda yankin Maraɗi da Damagaram ke samu ta layin Katsina zuwa Gazawa. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu na 2024, ƙofar kudu ta buɗe, amma Nijar ta bar iyakarta da Benin a rufe, kayan teku suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, inda manyan motoci ke jiran rakiyar sojoji kafin su iso Yamai, daga nan kuma a sake yin tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Maraɗi. Kowane kwanan da mota ta yi a hanya kuɗi ne da ake rabawa a kan mitocin ledar da ke cikinta. Soso ya fi shan wahala a wannan lissafi, domin ba shi da nauyi amma yana cinye wuri, kuma mai mota da wuri yake yin ciniki.

A bakin iyaka akwai duwan, wato kwastan. Jadawalin harajin da ƙasashen yankin suka fara aiki da shi a 2015 yana da matakai biyar, wato kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100, kuma kayan da aka gama sarrafawa sun fi faɗawa a matakan sama. A kan wannan ake ɗora harajin TVA, wato harajin da ake sa wa kayan saye, wanda a Nijar kashi 19 cikin 100 ne. Ba duk kayan da ke kasuwa ne suka bi ta ƙofar duwan ba, kuma wannan ma yana cikin dalilan da ke sa leda iri ɗaya ta zo da farashi biyu a layi ɗaya.

Abin da ke ƙarƙashin rigar kujera

Mai kujera rigar yake gani, mai gyara kuwa abin da ke ƙasanta yake lissafawa. Idan aka kwantar da kujera aka ɓamɓare baƙin ƙyallen da ke ƙasanta, a nan ake sanin gaskiyar aikin: ko gara ta ci katakon, ko igiyoyin robar da ke riƙe da mazauni sun saki, ko soson ya zama gari yana zuba idan an matsa shi. A kujerun da ake ƙerawa a gida sau da yawa igiyoyin nan daga tsohuwar tayar mota ake yanko su, kuma canza su ba shi da tsada. Soso ne ke cin kuɗi. Ana auna ingancinsa da nauyinsa a kowane kubik mita: wanda ya dace da mazauni yakan kai kilo 30 ko fiye, mai araha kuma bai kai kilo 20 ba. A rana ta farko duk biyun suna da taushi a hannu. Bambancin sai bayan wasu watanni, lokacin da mai zama ya fara jin katako a ƙarƙashinsa.

Daga nan ake gane cewa kalmar gyara ta ƙunshi ayyuka masu nisa da juna. Mafi sauƙi shi ne sake ɗinke inda zare ya tsinke. Sama da shi akwai faci ko canza ɓangare ɗaya, kamar hannun kujera, wanda wahalarsa ita ce samun launi da zanen da za su dace da tsohon da rana ta riga ta koɗar. Sai canza riga gaba ɗaya a bar soso, sai kuma tuɓe kujera har zuwa katako a sake gina ta. Mai gyaran da ya faɗi kuɗi kaɗan wataƙila riga kawai yake nufi, da leda mai araha, a kan tsohon soso. Wanda ya faɗi ninki uku wataƙila ya lissafa sabon soso mai nauyi da leda mai kauri. Duka biyun suna iya zama masu gaskiya.

Misali zai nuna yadda ƙaramin bambanci ke girma. A ɗauka leda biyu ce, ɗaya ta fi ɗaya da jika 2 a kowace mita. A kan doguwar kujerar da ta ci mita 14, bambancin ya zama jika 28, wato kashi biyu cikin uku na mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 a 2024. Wannan a kujera ɗaya ke nan daga cikin saiti, ba a taɓa soso ba, ba a biya ladan aiki ba.

Shi ladan aikin yana bin yawan yanka da ɗinki. Ana warware tsohuwar riga a hankali domin da ita ake yin awon sabuwa, gunduwa-gunduwa. Kujera mai maɓallai da ninke-ninke da ado tana cin kwanaki fiye da mai shimfiɗaɗɗen jiki, kuma fata ko leda ba ta yafe kuskure, domin duk inda allura ta huda ramin ya zauna ke nan. Ana kuma buƙatar babban keken ɗinki mai iya jan kaya mai kauri, wanda idan wuta ta ɗauke sai an tayar da janareta.

Kujerar mota da nata sharuɗɗan

Motocin da ke yawo a Maraɗi mafi yawansu na hannu ne da aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa da kujerun fata, inda ake zama da inda ake jingina ne kaɗai fata, gefe da baya leda ce tun daga kamfani. Wannan yana rage kuɗin gyara idan an sani, domin ɓangaren da ya fi saurin mutuwa shi ne gefen kujerar direba ta wajen ƙofa, inda yake gogawa a duk shiga da fita, kuma ana iya canza shi kaɗai.

Abin da ke ƙara kuɗin shi ne abin da aka ɓoye a cikin kujerar. Soson mota zubin kamfani ne mai siffar jiki, ba a samun irinsa a shago, sai dai a yanka wani a manna a sassaƙa da hannu. Motoci da yawa na wannan zamani suna da jakar iska ta kariya a gefen kujerar gaba, kuma ɗinkin da ke kanta an yi shi ne da gangan yadda zai ɓarke idan jakar ta tashi a lokacin haɗari. Idan aka maye gurbinsa da ɗinki mai ƙarfi, ko aka lulluɓe kujerar da rigar da ba ta da wannan kafa, jakar na iya kasa fitowa yadda ya kamata. Akwai kuma wayoyi a ƙarƙashi, na na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune, da na ɗamarar kujera, da na injin matsar da ita, waɗanda ake cire batir kafin a taɓa su, in ba haka ba fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a koma neman mai gyaran wutar mota da wani sabon kuɗi. Tsohuwar Hiace ta haya ko adaidaita sahu ko mazaunin babur ɗin kabu-kabu ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa ba a gwada kuɗin gyaransu da na Land Cruiser.

Yanayin garin yana gajarta rayuwar duk abin da aka sa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana wuce 60. Hunturu yana busar da fata, ƙurarsa tana shiga cikin ɗinki tana cin zare, damina kuma ta zo da laimar da ke ruɓar da ledar PU. A cikin gida akwai ƙarin abokan gaba: garwashin kaskon turaren wuta, da turaren fesawa mai ɗauke launi, da al'adar goge kujera da fetur ko kalanzir, waɗanda ke narkar da fentin da ke kare ta. Shafa man gyaɗa ko man kaɗanya a kan fatar da aka riga aka rufe da fenti ba ya shiga cikinta, ƙura kawai yake tarawa.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Ƙorafin masu kai gyara ya fi yawa a kan abu biyu: cewa babu tsayayyen farashi, ana duban mutum da motarsa ne kafin a yanka masa, da kuma cewa akan nuna samfuri mai kyau a yi aiki da wani. Ƙorafin yana da tushe, domin soso a ɓoye yake, kuma wanda bai san leda ba ba zai bambance mai kauri da marar kauri ba bayan an ja ta an buga.

Masu gyara kuma suna cewa mutane suna son aikin fata da kuɗin leda, kuma idan aka faɗa musu farashin kaya mai kyau sai su tafi wurin wanda zai yi musu da mai araha, bayan shekara ɗaya su dawo suna zagin sana'ar gaba ɗaya. Suna ƙarawa da cewa kaso mafi girma na kuɗin da suke karɓa wucewa yake yi zuwa ga mai sayar da kaya, abin da ya rage kuma a raba shi tsakanin hayar shago da wuta da yaran shago da haraji. Ga wanda ya bi lissafin mitoci da ke sama, wannan magana ba ta yi nisa da gaskiya ba a aikin canza riga gaba ɗaya, amma ba ta da ƙarfi a ƙananan gyare-gyare, inda kusan duk kuɗin ladan hannu ne.

Su kuwa ƴan kasuwar da ke kawo kaya, hujjarsu ita ce suna sayarwa ne da farashin da za su sake sayowa, ko da kayan sun daɗe a shago. Abin da ake yi musu tsegumi a kai shi ne saurin ƙari idan hanya ta toshe da nawar ragi idan ta buɗe.

Akwai kuma saɓani a kan ko gyaran ma ya cancanta. Masu cewa a sayi sabuwa suna nuna cewa idan riga da soso duk sun mutu, kuɗin gyara yana kusantar na sabon saiti na kafintocin gida. Masu cewa a gyara suna duban katako: tsohuwar kujera mai ƙashin katako mai nauyi ta fi sabuwa mai araha da aka haɗa da allon garin katako, wanda ba ya riƙe ƙusa sau biyu. A nan hukuncin yana hannun abin da aka gani bayan an buɗe ƙasan kujerar. A mota zaɓin ya fi faɗi, domin akan samu kujerun hannu na irin motar a wurin masu sayar da kayan gyara, wani lokaci a ƙasa da kuɗin ɗinki.

A mataki na sama, akwai masu ganin cewa farfaɗo da masana'antar jima ta zamani a Maraɗi zai sauke farashi. Masu ja da wannan suna tunatar da cewa irin wannan masana'anta tana buƙatar ruwa mai yawa, da wutar da ba ta yankewa, da wurin tace dagwalon kurom, da ƙiraga marasa tabo, kuma ko an kafa ta, ribarta tana cikin fatar akuya da ake fitarwa. Tunda mafi yawan kujerun garin leda ce, abin da zai fi taɓa farashinsu shi ne kuɗin sufuri, kuma a nan ne ake sa ido a kan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kusan kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021.

Waɗanda abin ya fi shafa

Direban haya ne ya fi jin nauyin, domin kujera a wurinsa kayan aiki ce, kuma ranar da mota ta kwana a wurin mai ɗinki ranar ba ta kawo komai ba. Wannan ke tura shi ga leda mafi araha da aikin gaggawa, ya dawo ya sake biya kafin shekara ta zagayo. Masu sayar da motocin hannu su ma suna cikin manyan abokan cinikin masu ɗinki, kuma sabuwar leda mai sheƙi a tsohuwar mota ba ta nuna halin soson da ke ƙasa ko na jakar iska.

Iyayen amarya suna fuskantar nasu matsin, domin kujeru suna cikin kayan ɗakin da ido ke fara sauka a kansu ranar jere, kuma bukukuwa sun fi yawa bayan kaka da gab da Sallah, lokacin da aiki ke yi wa shaguna yawa, farashi ya tashi, alƙawari ya yi ta saɓawa. Wasu gidaje sun koma rufe kujeru da yadi mai kauri maimakon leda, wanda ba ya saɓulewa kuma ya fi sanyi a lokacin bazara, ko da yake yana riƙe ƙura da datti.

Wata rigimar da ke kai mutane gaban mai unguwa ko shugaban masu sana'a takan taso ne daga kafin alƙalami. An yi ciniki yau, an ba da rabin kuɗi, mai gyara bai sayi kaya ba sai bayan mako biyu, kafin nan canji ya motsa ko ledar da aka zaɓa ta ƙare a kasuwa. Masu kauce wa wannan sukan raba cinikin gida uku tun farko, kuɗin riga daban, na soso daban, ladan aiki daban, sannan su tafi tare da mai gyaran a sayi kayan a ranar, su yanki ƙyallen samfurin su riƙe, su kuma nemi ganin soson kafin a rufe shi. Wasu masu gyara ba sa son wannan tsari saboda yana ɗauke musu ɗan abin da suke samu a kan sayen kaya, kuma a irin wannan hali sukan ɗaga ladan aikin domin su cike gurbin.